Haƙori Guda a Sarƙar Injin Baffa

Makanikan Wurno duka sun ce ba a canza sarƙar tayimin ta cikin inji a ƙofar gida: ko a ja akori-kurarmu zuwa Sakkwato, ko a sayar wa masu gwangwan. Albasarmu kuwa tana Goronyo cikin buhuna, ta soma wari. Baffa, ƙanen mahaifina, tsohon direba wanda ganinsa ya dushe, bai ce komai ba face a shimfiɗa mai tabarma gaban motar.

Shekaru sun shuɗe, amma jiya wata mota ta wuce da irin karkarwar da injinmu ya yi a lokacin, sai na tsaya cak da carbi a hannu.

Ran nan, ni da nake shugaban makaranta, ni na ɗaura sabuwar sarƙar da idona biyu, na ce an gama. Ya miƙo hannu mai warin baƙin mai, yana bin haƙoran da babban yatsa, leɓensa na motsi.

"Hedimasta, ka tsallake haƙori guda. Mi kaka sauri? Injin ga ba ɗalibi ba ne da za ka ƙara mai maki shi wuce."

Raina ya ɓaci. Na kwance, na gyara. Da la'asar injin ya tashi lafiya lau, albasa ta isa kasuwa. Girman kai ya hana ni cewa na gode, damina kuma ba ta same shi ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini shirun nan. Ina roƙon jikokina su rubuta ranar gyaran nan: Larabar farko bayan Ƙaramar Salla, shekarar da munka rasa shi.