Takin Inna a Gayaunata

Ni ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana, sai ta ce wa ƙanena, "Kira wancan." In ta gama tuwo, sai ta dire kwano a bakin ƙofa ta ce, "Ga abinci nan, in da mai ci." Da na yi aure ta samu sauƙi, matata ta zama 'yar aike. Ina zaune a kan tsohon turmin da aka kife kusa da turken awaki, wanda shi ne kujerata a gidan tun ina yaro, tsakanina da Inna bai wuce tsawon tabarma ba, amma sai ta dubi matata ta ce, "Ki gaya wa maigidanki rumbu ya fara yoyo." A ƙauyenmu ba mai ganin haka abin mamaki. Kunyar ɗan fari ce, kuma Inna ta riƙe ta da hannu biyu.

Ƙauyen namu yana arewa da Kano, a ƙasar da ba ta da daji. Gona na ƙarewa wata na farawa, iyaka sai layin gamba ko lalle. Ƙasa ba ta hutawa, shi ya sa taki ya zama abin riritawa kamar hatsi. Duk rani mata na share kashin awaki da toka su tara, maza su ɗora wa jaki a mangala su kai gona, su zuba tsibi-tsibi su jira ruwa. Bayan rasuwar Baba, awakin gidan na Inna ne, takin ma nata ne, kuma kowace shekara babbar gona ake kai shi, wadda ƙanena yake nomawa, daga ita gidan yake ci. Ni kuwa ina da 'yar gayaunata da Baba ya yanka mini tun ina saurayi. Tun da na zama malamin makaranta na daina yi mata noman kirki. In watsa mata takin zamani kaɗan, in samu abin da na samu.

Shekarar da na yi niyyar tashi, dalilaina ba na ƙarya ba ne. 'Ya'ya sun yi yawa a ɗaki ɗaya, gidan ba wurin ƙari sai dai a ci gona. Matata ta yi karatun koyarwa tana zaune da shi. Ni ma ina son in ƙaro karatu. Wurare uku na sa a gaba, Bici da Watari da unguwar Rijiyar Zaki ta birnin Kano, na shiga auna su kamar mai sayen sa. Duk la'asar in na dawo daga makaranta sai in jingine babur, in hau turmina, in fara kawo na wannan da na wancan da ƙarfi, wai da matata nake magana, alhali so nake Inna ta ji. Ni ma ai ɗanta ne, na iya irin tata.

Bici na fara zuwa. Wani abokina ya nuna mini fili can bayan kwaleji, mai faɗi, har da bishiyar darbejiya a gefe. Gari ne mai kasuwa, ga titi, ga makarantu, ga mutanen da na sani tun ina ɗalibi. Daga can zuwa ƙofar gidanmu a kan babur, in an kwashe tuwo ka taso, za ka same shi da ɗuminsa. Da na dawo sai na yi ta kushe garin, na ce wuta ba ta zama, na ce ba ci gaba. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoron da nake ji. Na hango gidana ya zama tashar 'yan ƙauyenmu, duk ranar kasuwa wannan ya ajiye buhu, wancan ya ɗaure jaki, waccan ta kawo mara lafiya. Na gaji da zama wanda kowa ya san kakansa.

Watari kuwa ta burge idona. Tsakiyar rani ne, ko'ina ya bushe, amma gefen dam kore shar, ga tumatir ga albasa ga shinkafa, ga kifi ana soyawa a bakin hanya. Wani dattijo ya ce in ina so zai ba ni aron fadama in gwada. Na yi godiya na taho. A raina na ce ban kwashe shekaru ina karatu don in koma cikin taɓo ba.

Rijiyar Zaki ita ce ba ta da wani abin yabo a ido. Filin da dillali ya nuna mini kamar dardumar sallah, ga tsada. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, ƙarar adaidaita sahu ba dare ba rana. Amma jami'a na nan kusa, makarantun kuɗi a kowane lungu, matata ba za ta rasa aji ba. Kuma na yi yawo a unguwar tun hantsi har azahar ba wanda ya ce mini, "Ɗan gidan wane, ina za ka?" Wallahi abin ya yi mini daɗi. Tun a motar dawowa na gama zaɓi, sauran duk neman shaida ne.

Inna tana jin duk wannan tana shara. Da na ba da labarin Watari, sai ta ce wa matata, "An ce sauron can in ya so sai ya ɗaga ɗan akuya." Muka yi dariya, Watari ta fita daga lissafi. Da na kawo na Rijiyar Zaki, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Birni ai birni ne. Ga asibiti kusa, yara su yi karatu mai kyau. Wa zai ƙi birni?" Ta yaba shi fiye da yadda ni na yaba. Bici kuwa ko kallo ba ta samu ba. Sau ɗaya tak, tana zuba wa wata jar akuya dusa, na ji ta ce wa akuyar, "Bici kam ko a jaki ana zuwa a dawo."

Washegari da safe ina goge babur matata ta ce, "Malam, ka ji abin da Inna ta ce jiya?"

Na ce, "Na ji. Ta ce wa zai ƙi birni."

Ta ce, "Ba wannan ba. Wanda ta gaya wa akuya."

Raina ya ɓaci, don ta taɓa inda yake ciwo. Na ce mata yanzu kuma da maganar akuya za mu zaɓi inda za mu zauna? Sai ta ce, "Ni duk inda ka kai ni, zan zauna. Amma kai ma ka san Inna ba za ta taɓa bari a ce ta riƙe ɗan farinta ba. Abin da ba ta so shi za ta fi yabawa." Na buga babur na tafi. Gaskiya ta faɗa, kuma na san gaskiya ce tun kafin ta faɗa. Shekara da shekaru ina fassara maganar Inna ba tare da tafinta ba. A wannan karon ne kawai na ga dama na zama baƙon harshe, na ɗauki maganarta a yadda ta fito.

Duk ranin nan Inna ba ta huta da shara ba. Ta share turke, ta share akurki, ta kwashe tokar murhu, har maƙwabta take bi tana roƙon tasu tokar. Na tuna na yi mata tsiya ta bakin matata, na ce a tambayi Inna ko bana ita za ta ciyar da jihar Kano. Ta ci gaba da shararta. Jakin ƙanena kullum yana fita da kaya, ni kuwa ina fita makaranta ta wata hanyar, ban taɓa tambayar inda ake kai takin ba.

Na sayi filin, na yi ɗaki biyu da zaure, aka yi mini canjin wurin aiki. Ranar da na durƙusa na sanar da Inna, ta kalli matata ta ce, "Allah ya sa alheri. Allah ya sa a shiga a sa'a." Muryarta ba ta yi rawa ba. Na riƙe wannan addu'a a matsayin izini.

Ranar tashi, bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Muka loda kaya a akori-kura, ni da ƙanena muna baya a kan katifu, zai raka mu ya taya sauke kaya. Direba ya ce babbar hanya ta yi yashi da yawa, sai ya bi ta burtali, burtalin kuwa ta gefen gayaunata ya wuce. Da farko ban gane gonar ba. Tsibin taki ne baƙi ƙirin, layi-layi, daga wannan iyaka zuwa waccan, irin wanda ko a zamanin Baba ba ta taɓa samu ba.

Na ce wa ƙanena, "Kai, wa ya yi wannan?"

Ya ce, "Inna ce ta ce bana nan za a kai. Ta ce mai gonar zai riƙa zuwa Asabar da Lahadi daga Bici, kada ya zo ya tarar da ƙasa ba ƙarfi."

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Yaya, gonarka ce fa. Na zaci ka gani."

Da na ɗaga hannu na buga rufin motar, direba zai tsaya. Ban san me zan yi bayan tsayawar ba, amma zai tsaya. Ban buga ba. Na juya fuskata wajen Kano, na ce wa raina ai akwai waya, kuma duk mako zan zo.

Wayar ce ta fara ba ni kunya. A duk aune-aunen da na yi, ban taɓa tsayawa na tuna cewa Inna ba za ta yi magana da ni a waya ba. In na kira ƙanena ya miƙa mata, sai ta ce, "Ba ni uwar yaran mu gaisa." Su yi hira da matata, ta yi wa jikoki wasa, ta ce a gaida mutanen gida, a kashe. Ashe duk hirar da muke da ita a duniya, ni da ita, ita ce in zauna a kan turmin nan tana kai da kawo, tana jefa magana ga akuya ko ga bango ina tsinta. Wannan hirar ba ta shiga waya. Zuwan mako kuwa ya koma na wata, na wata ya koma na salla da gaisuwar mutuwa. Ga karatu, ga cunkoson hanya, ga tsadar mai, dalili ba ya ƙarewa ga mai nemansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Rijiyar Zaki ba ta cuce ni ba. Matata ta samu aji, yara sun buɗe ido, na gama karatun. Da a ce na sha wuya, da na ce na biya laifina.

Daminar farko ƙanena ya shuka gayaunar, don ba a barin taki ya tafi a banza. Gero ya yi irin wanda mutane suke tsayawa a burtali su kalla. Babbar gona kuwa, wadda aka hana takinta, ta ba da abin da bai kai su ƙarshen rani ba. Da kaka sai ga ƙanena da buhuna a ƙofar gidana, ya ce Inna ta ce a kawo wa mai gonar kayansa. Na rantse ba zan karɓa ba, na ce ya mayar. Ya ce, "In ka isa ka mayar da kanka." Ban isa ba. Muka ci geron, aka yi fura aka yi kunu, yara na cewa ya fi na kasuwa daɗi. Ni kuwa kurɓa ɗaya nake yi in ture kwanon.

Bana da bazara na je gida ni kaɗai. Na sauka daga mota tun kafin gari, na bi ta burtali da ƙafa, ba tare da na gaya wa kaina abin da nake son gani ba. Babbar gona ta sha taki, tsibi-tsibi kamar yadda aka saba. Gayaunata kuwa fes, sai tsofaffin kututturen kara. Daidai ne, haka ya kamata a yi tun farko. Amma na daɗe tsaye a bakin iyakar.

Na yi sallama na shiga gida. Inna ta ƙara rama, tana shara a sunkuye, hannu ɗaya a gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa iska kamar kullum. Turmina na nan a inda yake, sai dai an ɗora masa kwaryar dusa. Na nufe shi zan sauke kwaryar in zauna, sai na ji Inna ta ɗaga murya tana kiran matar ƙanena.

Ta ce, "Ɗauko sabuwar tabarmar nan ta bayan ƙofa. Mun yi baƙo."

Aka shimfiɗa mini ita a inuwa, aka kawo ruwa a kofin gilashi. Na cire takalmi na zauna.