Rigar Alhaji Hudu da Burtalin da Kanal Ya Yanke

Har gobe ban manta da ranar da na ga babbar rigar ɗan majalisa ta zama igiyar jan saniya ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata ko a zamaninmu an yi 'yan majalisar kirki, da irin muryar mai tambaya ko an taɓa ganin giwa a Dala. To, an yi. Ga labarin guda.

Zamanin Jamhuriya ta Biyu ne, farkon shekarun 1980, majalisar tarayya tana Legas. Ni kuwa na ajiye alli bayan shekaru ina fama da 'yan firamare, na zama ƙaramin akawu a kwamitin harkokin 'yan sanda na Majalisar Wakilai. Ga wanda bai san tsarin ba, idan ɗan majalisa ya kawo ƙuduri aka ga yana da nauyi, sai a tura shi ga kwamiti. Kwamiti ya je ya gani da ido, ya dawo da rahoto, sannan a yi muhawara a zaure a yanke hukunci. Aikin akawu shi ne ya rubuta abin da aka faɗa, ya haɗiye abin da ya zo masa a baki. Idan tafiya ta kai mu Arewa kuma, ni ne tafinta.

Alhaji Hudu shi ke wakiltar yankin Kura da Bunkure. Ɗan gidan malamai ne, a tsangayar mahaifinsa ya tashi, kuma manomin alkama ne na gaske, ba na hoto ba. Ba shi da yawan miƙewa a zaure. Akwai waɗanda bakinsu ba ya hutawa, kamar rediyon mai shayi. Shi sai a ɗauki lokaci ba a ji muryarsa ba. Amma ranar da ya miƙe, mu akawuna gyara zama muke yi. Na tuna wata muhawara kan kasafin tsaro, 'yan majalisa suna ta zaɓen jiragen yaƙi da baki kamar masu zaɓen atamfa a Kwari. Ya tashi ya ce ya shiga barikin soja da damina, ya tarar da mata suna jera kwanuka a ƙarƙashin rufin da ke yoyo. "Sojan da ya kwana yana tarar ruwan ɗakinsa," in ji shi, "ban san da wane ido zai tsare mana iyaka da safe ba." Ya zauna.

Rigimar da zan ba ku labarinta ruwa ne ya kawo ta. Kafin a haƙa kanal, wato babbar magudanar ban ruwa, a yankin, akwai wata al'ada tsakanin manoma da Fulani. Da an cire amfanin gona, sai a saki gonaki, shanu su shiga su ci kara da harawa, su bar taki. Manomi har da damin hatsi yake roƙon makiyayi ya kwana a gonarsa. Da ruwan madatsar Tiga ya iso, rani ya zama wata daminar: alkama, tumatir, albasa, ko'ina kore. Gona ta daina zama babu kowa. Shanu suka riƙa faɗawa shuka, sanda ta fara aiki, har aka fasa kan wani Malam Tanko, sarkin noman wani ƙauye a yankin.

Manoma suka kai kuka wurin Alhaji Hudu, ya ce su ba shi lokaci. Ba su ji daɗin amsar ba, suka tsallake shi suka je wurin Manjo, wani tsohon soja Bazazzagi da ke cikin kwamitinmu, mutumin da a ganinsa babu cutar da kulki ba ya warkarwa. Manjo ya kawo ƙuduri a girke rundunar 'yan sandan kwantar da tarzoma a yankin, a kuma tashi duk rugar da ke kusa da gonakin ban ruwa. Wannan kuwa na nufin a kori Arɗo Buba, shugaban Fulanin rugar wurin, da jama'arsa daga wurin da kakanninsu ke binne.

Kowa ya ɗauka Alhaji Hudu zai mara baya. Zaɓe ya ƙarato, ƙuri'a tana hannun manoma, kuma shi kansa a ranin nan shanu sun share masa gonar alkama tas. Sai ya miƙe ya ce abu ɗaya: a tura kwamiti ya gani.

Ziyarar kwamiti, kamar yadda kuka sani, tana da nata ka'idojin da ba a rubuta ba. A sauka da hantsi, a gai da hakimi, a ci abinci, a leƙa wurin rigima ta tagar mota, kafin la'asar an kama hanyar filin jirgi. Amma a wannan karo Alhaji Hudu ne mai masauki, abinci kuwa ya ƙi fitowa. Aka yi azahar shiru. Shugaban kwamiti, wani lauya ɗan Kudu da muke kira Cif, ya riƙa duba agogo.

Manjo ya ce, "Kanawa ke nan. Ko tukunya sai an yi ciniki da ita kafin ta tafasa?"

Alhaji Hudu ya ce, "Yi haƙuri, Manjo. Mun ji a Zazzau ba ku saba ganin nama a miya ba, shi ya sa na ce a dafa shi sosai, kada ya firgita ku."

Sai bayan la'asar muka isa bakin babban kanal. Manoma sun taru a gefe guda, Malam Tanko a gaba da ƙyalle naɗe a ka. Arɗo Buba yana can gefe, ya dogara da sandarsa. Cif ya ce a ji ta bakin kowa, ni kuma ina juyawa.

Malam Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, ban zo da dogon bayani ba. Ga kaina nan."

Arɗo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mu ba mu bar hanyarmu ba. Ruwa ne ya zo ya kwanta a kanta."

Cif ya dube ni kamar na ɓata fassarar. Alhaji Hudu ya ce a biyo shi. Ya kai mu wani wuri ya nuna mana layi biyu na aguwa, shukar nan da ake shinge da ita, tsofaffi, sun taho a jere daga daji da faɗin hanya a tsakaninsu. Wannan shi ne burtali, wato hanyar da aka keɓe wa shanu tun zamanin da, aka shinge ta don kada su taɓa gona. Layukan nan suka taho har bakin siminti suka tsaya cak. Da ka ɗaga ido, ga su can a tsallaken ruwa sun ci gaba da tafiyarsu, kamar ba abin da ya faru. Masu haƙa kanal sun yi gada, gaskiya ne, amma siririya, ta mutum da kekensa. Sun tuna da keke, sun manta da saniya.

Muna tsaye sai ga garke ya dawo daga kiwo, kuma a nan na gane dalilin jinkirin abinci. Uwar garke, wata farar saniya mai manyan ƙahoni, ta taho tsakanin aguwar nan da nutsuwar wadda ta san gidan ubanta. Ta iso bakin siminti ta tsaya, ta miƙa wuya tana kallon tsallake. Na baya suka ci gaba da turowa. Makiyaya suna ta kora su gefe, gefen kuwa ba inda yake kaiwa sai ƙaramin kanal na ƙasa da shanu ke iya tsallakewa, kuma daga shi sai gonakin tumatir.

Cif ya ce in tambayi Arɗo me ya hana su bin wata hanyar.

Arɗo ya ce, "Wace? Uwarta nan ta bi, kakarta nan ta bi."

Alhaji Hudu ya ƙara da cewa, "Kuma har yau ba wanda ya kai mata sanarwar gwamnati."

Bai rufe baki ba sai turereniya ta jefa wata saniya mai tsohon ciki cikin kanal. Bangon siminti a karkace yake, gansakuka ta lulluɓe shi, kofato ba ya kamawa. Ruwa ya fara janta zuwa inda yake kurɗawa ƙarƙashin titi, wanda ya shiga nan kuwa sai gawarsa. Masu igiya suna can bayan garke, shanu sun tare su.

Ban ga lokacin da Alhaji Hudu ya tuɓe rigarsa ba. Farar shadda ce sabuwa, mai aiki har ciki. Na dai ga ya murɗe ta kamar mai matse wanki, ya riƙe baki ɗaya, yana neman mai sauka. Wanda ya karɓi ɗaya bakin ya zame cikin ruwa shi ne Malam Tanko, da fasasshen kansa. Ya sarƙafa rigar a ƙahonin saniyar ya ƙulle. Arɗo ya yar da sanda ya kama rigar tare da Alhaji Hudu. Cif ya kama ƙugun Arɗo. Ni ma na yar da alƙalami na kama ƙugun shugaban kwamiti, abin da babu shi a ƙa'idar aiki. Manjo ya shiga layi yana ba da umarnin ja da muryar fareti, kuma a ranar na ga amfaninta. Rigar tana kukan yagewa, amma ta riƙe. Saniya ta dafa gwiwa a bakin kanal, ta yunƙura ta fito.

Manjo yana haki ya dubi Malam Tanko. "Kai, ba kai ne ka zo har gidana neman a kore su ba?"

Malam Tanko ya matse gemunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, da mai ita nake rigima. Ita ciki ne da ita."

Wannan ban fassara wa Cif ba. Ya ce ya gane.

Ranar muhawara a Legas, Alhaji Hudu ya shigo zaure da rigar nan. An wanke ta, amma koren gansakuka ya ƙi fita, hannu ɗaya kuma ɗinki ne kan ɗinki. Wani ɗan majalisa ya miƙe ya ja hankalin Kakaki ga dokar sutura, cewa shigar ba ta dace da martabar zaure ba. Kafin Kakaki ya yi magana, Cif ya tashi ya ce yana shaida wa majalisa cewa rigar nan ta yi wa kwamitinsa aikin da wasu mambobi ba su yi ba. Aka yi dariya, Kakaki ya ba Alhaji Hudu dama.

Da Turanci ya yi magana, a tsanake, babu takarda a hannunsa. Ga gwargwadon abin da zan iya mayarwa.

"Mai girma Kakaki, idan akwai wanda ya cancanci fushi a zauren nan, ni ne. Alkamata aka cinye. Masu zaɓena aka fasa wa kai. Amma ina so majalisa ta gaya mini wa za a je a kama. Ɗan sanda yana maganin ɓarawo ne saboda ɓarawo ya san hanyar da ya bi ba tasa ba ce. Saniyar nan tata hanyar ta bi. Mu ne muka yanke ta, muka zuba ruwa a tsakiya, sannan muka zo muna mamaki. Ku tura runduna. Za su isa, za su ci kajin manoman da suka gayyato su, wata rana kuma harsashi zai fita. Daga ranar akwai gawa, kuma gawa tana da ɗa, ɗan kuwa zai girma. Muna ta maganar tsaron iyaka a zauren nan. Ni a abin da na sani, ƙasa ba daga iyaka take fara tsagewa ba, daga bakin mashaya ne."

Sannan ya nemi a gyara ƙudurin: a gina gada mai faɗi a inda aka yanke burtali, a yi mashaya mai gangara, a bar ruga inda take, a ajiye ƙaramin caji ofis, ɓarna kuma sarkin noma da arɗo su zauna su daidaita ta kamar yadda aka gada.

Na yi shekaru a zauren nan, na ji tafi, na ji ihu, na ga an jefi juna da takarda. Irin jawabin ranar ban sake ji ba. Na duba sai na ga alƙalamina a tsaye, na manta ni marubuci ne. Can Manjo ya miƙe, kowa ya shirya jin aradu. Ya ce kafaɗarsa har yau tana ciwo, kuma ba ya son ya sake jan saniya a rayuwarsa, don haka ya goyi bayan gyaran. Kakaki ya tambayi masu amincewa, zaure ya amsa da murya ɗaya.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da kiɗa. Manoma motocin 'yan sanda suka so gani, aka ba su alkawarin gada. Da zaɓe ya zo, Alhaji Hudu ya faɗi. Ba a jima ba kuma sojoji suka sallame mu gaba ɗaya, da wanda ya ci da wanda ya faɗi. Amma an riga an kafa ginshiƙan gadar, aka kuma ƙarasa ta. Rugar Arɗo ba ta tashi ba.

Bayan shekaru na bi ta wurin za ni ɗaurin aure Bunkure. Na tarar da motocin tumatir sun yi layi a bakin gadar, direbobi sun kashe inji suna jiran garke ya gama wucewa. Gadar Shanu ake kiranta, sunan kowa ba ya jiki. A gindin wata bishiya na ga Malam Tanko, ya tsufa, muka gaisa.

Ya ce, "Malam, ni fa ban zaɓi Alhaji Hudu ba. Kan nan bai gama warkewa ba na je rumfar zaɓe."

Na ƙarasa gidan Alhaji Hudu, na same shi a soro yana biya wa manya karatu. Na tambaye shi ko yana nadamar kujerar. Ya ce kujera aro ce, mai ita ya karɓa. Rigar ce dai matarsa Hajiya har yau ba ta yafe masa ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Magana mai nauyi a zaure ba a zaure ake samo ta ba, kuma wanda ya faɗe ta ba lallai ne ya ci ribarta ba. Ku da za ku riƙa tsara wa kwamitoci tafiya, idan an ce a je a gani da ido, kada ku fara tambayar ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Ku tambayi lokacin da shanu ke dawowa.