Makarin Rana da Gwaggwarona

Duk abin da zan manta a zamana na Abuja, ba zan manta lokacin da rana ta kusa raba ni da mukullin motata ba. Shekaru sun shuɗe, motar ma tuni aka sayar da ita, amma har yau in na sa yatsa na jawo makarin rana sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

Bari in fara da gaskiyar da ba ta ɓoyuwa: ni gajeriya ce. Ba irin wadda ake ce wa "ai matsakaiciya ce" don a kwantar mata da hankali ba, a'a, gajeriya ta gaske. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da yayana, amma shi ya kwashe tsawon gidan kaf, ya bar min baki. Har na haifi 'ya'ya bai daina ce min Guntuwa ba.

Sana'ata kifi. Da safe in saro a kasuwar Kado, in kawo gida unguwar Dutse Alhaji in gyara in yi banda, in kai wa masu so. Kafin in samu mota na sha wulaƙanci a hannun masu tasi. Da sun hango kula biyu na kifi a gabana sai su ƙara wuta. Wanda ya daure ya tsaya kuwa sai ya toshe hanci ya ce, "Madam, wannan kifi naki zai kore min fasinja." Saboda haka ranar da maigidana ya sake mota ya bar min tsohuwar, rawa na yi a tsakar gida ba kunya. Na koyi tuƙi, na samu lasisi, na ɗinka matashi mai tauri na ɗora a kujera don in ga hanya.

Sai dai akwai abin da matashi bai gyara ba. Duk wanda ke zaune a ɓangarenmu ya san halin hanyar nan: da safe kana shiga gari rana na kallon ka, da yamma kana komawa gida ta juyo ta sake tare ka. Ga kuma ɗan allon nan da ke saman gilashin gaba, wato makarin rana, wanda direba ke saukewa ya kare idonsa. Wanda ya ƙera shi, ko a wace ƙasa yake, na rantse dogo ne, kuma dogaye ya yi wa. In na sauke shi, inuwarsa iyakarta goshina, rana ta bi ta ƙarƙashi ta zarce cikin idona. Na gwada baƙin tabarau, in na shiga ƙarƙashin gada sai duniya ta yi min duhu. Na rataya tawul, ya rufe min danja. Daga ƙarshe hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a goshi nake tuƙi, kamar kurtu yana sara wa oga.

Wata safiya ina fitowa daga unguwa zan hau babban titi, rana ta watso min a fuska, komai ya koma fari fat. Sai ji na yi ƙwas! Na danna birki ina salati. Ashe mai lemu ne ke tsallakawa da baronsa. Allah ya tsare, shi ban taɓa shi ba, baron na tura, amma lemu kam ya watse ko'ina, wani har cikin kwata. Na fito da sauri. Bawan Allah ya dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba, ya ce, "Hajiya, duk girmana ba ki gan ni ba?"

Na ce, "Wallahi Malam ban gan ka ba, rana na gani."

Jama'a suka taya mu tsince lemu, na ba shi haƙuri, na saye kayan gaba ɗaya na loda a bayan mota. Ranar ban je Kado ba.

Da maigidana ya dawo ya tarar da lemu har a cikin bahon wanki, ga fitilar mota a fashe, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni mukullin. Yau lemu ne, gobe ɗan mutum." Ya zura shi a aljihu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskiya ya faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka sosai, don na san abin da ke jira na: bakin titi, kula biyu, da masu tasi suna toshe hanci.

Washegari na hau motar haya sai kasuwar Gudu, wurin yayana. Shi ɗinkin kujerun mota yake yi, rumfarsa cike da soso da fata da warin gam. Na zayyane masa komai. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Guntuwa, kwantar da hankalinki. Ɗan wannan abin? Ni da nake sake wa mota ciki gaba ɗaya?" Ya kira maigidana ya roƙi arziki, aka yarda shi ya zo ya ɗauki motar da kansa.

Da na koma ganin aiki na tarar ya yi min wani ƙaton allo na katako, ya lulluɓe shi da jar fata, har da ado na zare a gefe. Kyau kam ya yi kyau. Na zauna na kama shi da hannu ɗaya, ya ƙi motsi. Na sa hannu biyu na banƙaro shi da ƙyar, ya sauko, sai ga ni ina kallon jar fata, babu rana babu titi.

Na ce, "Yaya, ranar ka tare min ko duniyar? Kuma in na sa hannu biyu a nan, da haƙori zan riƙe sitiyarin?"

Ya sosa gemu ya ce ai ya ga ni gajeriya ce shi ya sa ya ƙara tsawo. Wato da ka ya auna ni, bai ko sa ni na zauna ba.

Karo na biyu ya yi abin arziki. Ya zaunar da ni, ya auna daidai idona, ya yi ɗan ƙari mara nauyi da ake ninkewa a bayan makarin asali, in ana so a buɗo shi ya zagayo ta gaban fuska ya sauka. Na gwada a rumfar, lafiya lau. Na koma gida na yi ta lallaɓa maigida har ya yarda zai zauna a gefena ya ga tuƙin da idonsa. Abin da ni da Yaya duka ba mu lura da shi ba shi ne, ranar awo da hijabi na je, kaina a shafe.

Ranar gwajin kuwa ta faɗo daidai da sunan 'yar maƙwabciyata, daga Kado can zan wuce. Na ci kwalliya, na naɗa gwaggwaro irin wanda sai an sunkuya ake shiga mota da shi. Muka fito daga gida a hankali, muka karyo kwana, rana ta leƙo. Na ce a raina, yau za ka ga aiki, Alhaji. Na miƙa hannu cikin yanga na buɗo abin. Ya zagayo, ya ɗauki gwaggwaron nan tun daga tushe, ya kifa min shi a fuska.

Allah ya so ni a cikin layinmu muke, kuma tafiyar ba ta fi ta mai ƙafa ba. Na take birki ido a rufe. Da na yaye ƙyallen sai na ga maigidana ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake har da hawaye. Yaran layi suka taru suna leƙe. Da ya samu numfashi ya ce, "To Hajiya, da rana ce kaɗai ke rufe miki ido, yanzu an samu ƙari." Ya zagayo ya karɓi sitiyari, mukulli ya koma aljihu.

Na ji kunya, na kuma ji haushi, amma haushin ne ya yi min amfani. Na sa Yaya ya sake zuwa ya ɗauki motar, na koma Gudu da gwaggwarona a jaka da matashina a hammata, na ce wa Yaya yau ba inda za ni, kuma ba za mu taɓa komai ba sai rana ta yi ƙasa. Da la'asar ta yi sanyi na sa ya juya motar ta fuskanci yamma. Na ce, "Shiga ka zauna." Ya zauna. Na ce, "Zame ƙasa." Ya zame. Na ce ya ƙara, ya yi ta zamewa har gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, idonsa ya zo daidai inda nawa yake zama. Rana ta soke shi, ya runtse ido ya ce, "Innalillahi! Guntuwa, haka kike tuƙi duk watannin nan?"

Na ce, "Ba ka gama ba." Na zaro gwaggwaro.

Ya ce, "A'uzubillahi, ni da gemuna, a tsakiyar kasuwa?"

Muka daidaita a kan hula. Ya ari ta maƙwabcinsa ya ɗora a kan tasa, hula kan hula, ya zauna a naɗe cikin mota yana jan makari. Duk lokacin da abin ya zagayo sai hular sama ta faɗi, masu rumfunan gefe su kwashe da shewa. Shi kuwa ya daina dariya, tunani yake. Can ya ce, "Kada ya zagayo ko kaɗan. Ya zamo ƙasa kawai, ya bi gilashi."

Daga nan aiki ya zama na mu biyu, muna yi muna musu. Shi ya kawo siririyar roba mai ɗan duhu wadda ake ganin hanya ta cikinta, ya yi mata kube a jikin makarin asali, tana shiga tana fita. Ni na ce sai an sa mata abin ja wanda yatsa zai samu ba sai na ɗaga ido na nema ba, ya ɗinka madauki mai kauri a tsakiya. Na ce ramukan unguwarmu za su zazzago ta, ya tsaya yana tunanin ƙusa, ni kuwa na ɓalle maganaɗisun bakin jakata na miƙa masa. Ya goge kusurwoyin suka zama da'ira, ya bi bakin da laushin yadi don kada ya kama ɗankwali. Ya kuma sa mata iyaka, ko na ja da ƙarfi ba za ta wuce inda idona yake ba. Na ɗaura gwaggwaro na gwada, na cire na gwada, na rufe ido na gwada. Yatsa ɗaya, ta sauko. Yatsa ɗaya, ta koma.

Shawo kan maigida a karo na biyu ya fi ɗinkin wuya. Sai da Yaya ya zo gida da kansa ya ce, "In bai yi ba wannan karon, ni da kaina zan ce ta haƙura." Jin haka na san in aka rufe maganar nan ta rufu ke nan.

Da safiyar gwajin na naɗa gwaggwaro mafi tsayi da na mallaka, da gangan. Maigida ya kalle shi ya kalle ni, ya dai ɗaura bel. Muka fito. Muna dosar babban titi rana ta fito mana gadan-gadan, irin ta ƙasa-ƙasan nan da ba ta barin dogo ma. Na ɗaga yatsa ban ko kalla ba, na ja. Sai hanya ta fito min tas, kowane rami, kowane ɗan acaɓa, har da akuyar da ke bakin kwata. Na saci kallon gefe, sai ga Alhaji ya sauke nasa makarin, bai ishe shi ba, ya kafa hannu a goshi yana ƙifce-ƙifce.

Can gaba na hango baro yana shirin tsallakawa. Na rage gudu tun daga nesa, na tsaya cak, na sauke gilashi na ce, "Malam, ina kwana? Ya kasuwa?"

Mai lemun nan ya leƙo, ya gane ni, ya washe baki ya ce, "A'a, Hajiya! Yau kin gan ni ke nan!"

Maigidana ya juyo, hannu na nan a goshi, ya ce, "Wa kike gaisarwa ne?"

Na bari sai da baron ya gifta ta gaban motar, ya gan shi da idonsa, lemu jibge har sama.

Da muka isa Kado na kashe mota, na zare mukulli na miƙa masa, don ni ba zan roƙa sau uku ba. Ya dubi hannuna, ya tura min shi baya ya ce, "Sa a jakarki." Ya buɗe ƙofa zai fita, sai ya tsaya ya ƙara da cewa, "Ki ce wa yayanki tawa motar na nan zuwa ranar Asabar." Daɗin da na ji a wurin nan, ga ƙarnin kifi ga hayaniyar kasuwa, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Hawaye na goge da gefen gwaggwaron, wanda ke nan daram a kaina.

Daga baya mata da yawa irina sun je rumfar Yaya, da tsofaffin direbobi ma. Kuma ba ya taɓa almakashi sai ya zaunar da mai motar, da hularsa ko da ɗaurinta, a lokacin da rana ta yi ƙasa, sannan shi ma ya shiga ya zame har idonsa ya zo daidai. Abin da na koya ke nan, kuma ya bi ni har cikin gida da kasuwa. Yayana ya iya aikinsa tun farko, yana kuma ƙauna ta, amma sau biyu yana yi min abin da bai yi ba, sai ranar da ya zauna a kujerata rana ta shiga idonsa. In za ka yi wa mutum abu don ya ji sauƙi, kada ka auna shi daga inda kake tsaye. Shiga ka zauna inda yake zama, ka ga abin da yake gani.