Ledar da Aka Ɗaure a Siton Dauran

Shekarata ta farko a wurin aiki, ni ake turawa in kafa na'urorin da ke auna zafi da danshin iska a ɗakunan ajiyar hatsi. Ofishinmu yana Kaura Namoda. Na'urar ba ta kai tafin hannuna ba, tana da ɗan ƙaramin huji a gefe inda iska ke shiga, kuma duk abin da ta ji sai ta aiko mini a waya. Kafin in kafa kowace, nakan rufe ta a kwalba tare da jiƙaƙƙen gishiri na tsawon yini, in ga ko awonta ya yi daidai, in gyara idan ya kauce. Ina son wannan jiran. Ji nake kamar ina koya wa jariri sauraro.

Bayan kaka na kai ɗaya Dauran, siton wata ƙungiyar manoma. Gero da dawa suka tara, don a raba wa gidaje a tsakiyar damina lokacin da rumbuna ke ƙarewa. Mai riƙe da makulli wani dattijo ne mai fara'a. Ya tsaya yana kallona ina ɗaure ta a ginshiƙi.

"Ɗiyata, wagga 'yar aba ita za ta gaya mani hatsina ya jiƙe? Ni da haƙori nika ganewa."

"Baba, haƙori yana barci, ita ba ta yi."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Direban da ya kawo ni yana ta danna oda, don ba a son la'asar ta riski mutum a wannan hanya. Cikin sauri na ce, "Ka dai kula mini da ita, ba ta son ƙurar hatsi." Ban nuna masa hujin ba.

Da ruwa ya sauka, awon siton Shinkafi da na Kurya Madaro ya riƙa hawa da sauka. Layin awon Dauran kuwa a wayata ya miƙe sak, kamar zaren da aka ja. Na san babu ɗakin da iskarsa ke tsayawa haka a damina. Na sani sarai. Amma a makonnin nan kullum sai an kawo labarin tare hanya, sai na zaɓi in ga kyawun layin maimakon in je in duba.

Dattijon ya kira ni a waya sau ɗaya.

"Ɗiyata, ina jin wani wari daga ƙasan buhunna. In sa a fiddo su a shanya?"

Fiddo su aikin mutum goma ne, ga kowa yana gona. Na dubi wayata na ce, "Baba, na'ura ta ce lafiya lau."

"To, ke kika yi karatun."

Sai da lokacin rabo ya zo na je. Rufin kwano ya daɗe yana yoyo ta kusurwa, buhunan ƙasa sun yi baƙi da hunhuna, geron ya dunƙule. A jikin ginshiƙi na ga na'urata cikin farar leda, an naɗe ta ninki biyu an ɗaure bakin da zare, yadda ake yi wa rediyo da rimot a gidan da ake tattalin kaya. Ko ɗigon ƙura babu a jikinta. Iskar ranar da aka ɗaure ledar take ta aunawa tun lokacin.

Shugaban ƙungiya ya tambaya wa ya sa ledar. Dattijon ya ce shi ne. Ya juyo ya dube ni, ba da tuhuma ba, yana dai jiran in faɗi abin da na ce masa ranar farko, da abin da na ce a waya. Maza sun cika ƙofar, mata suna bayansu riƙe da kwanonin da suka zo karɓar rabo. Na sunkuyar da kai ina warware zaren.

A gabana aka karɓi makullin daga hannunsa.

Ya rako ni har mota duk da haka. Ya ce, "Ki gaida gida. Ku yi sauri kar rana ta yi maku."

A rahotona na rubuta cewa an rufe na'urar da leda. Gaskiya ne. Akwai layi uku a ƙasa da aka bari don ƙarin bayani, na daɗe ina kallonsu, sannan na sa hannu.