Baba Kalibu da Gawon da Bai Sassaƙa Ba

Da hantsin Talata, 12 ga Agusta 2025, labari ya iske ni a lekwal ɗinmu ta Maradi cewa Allah ya yi wa Baba Kalibu masassaƙi rasuwa a gidansa na Tibiri. Na ajiye alli, na kasa ƙarasa darasin hutu da nake ba yara.

Baba, turmi da taɓarya ne sana'arka, amma kurmin nan na bakin Gulbi ya fi su cin lokacinka. Ka lura 'yan itace ba sa barin busasshiyar bishiya ta kwana, alhali a kogonta tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Ba ka yi faɗa da kowa ba. Gizago kawai ka ɗauka, duk wadda ta mutu sai ka fitar mata da surar dabba tana nan tsaye: barewa, damo, bushiya. Da wuya mutum ya ɗaga gatari ga barewar da ke kallonsa. Haka ka tsare bishiyoyin.

Nakan kai maka ɗalibaina. A wurinka suka fara ganin gada, ko da ta ice ce. Da wata ta ce kurarka ta yi kama da tunkiya, ka yi dariya har da hawaye, ka ce, "'Yata, ni ma na daɗe ban gan ta ba."

Bana wani tsohon gawo ya bushe. Ka je da gizago, ka tarar tsuntsuwar nan cilakowa ta riga ka, ta shige kogo ta liƙe ƙofar da laka, namijin na kai mata abinci. Ka ce sara zai firgita ta, a jira 'ya'yan su fito. Kullum kana can gindinsa kana gadi, har ciwo ya kwantar da kai.

Ranar da muka kai ka makwanci, dukanmu muna Tibiri, ba wanda ya tuna da gawon. Kashegari matarka Inna Tasalla ta aika a duba. Kututture aka tarar da sawun amalanke, namijin cilakowar yana ta kewaya da fara a baki. Wannan abu yana ci mini rai, Baba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Inna Tasalla, ɗanka Yo'el da ƙannensa, da dukan 'yan'uwa na Tibiri da Jiratawa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.