Mariyatu Ta Kwashe Duwatsunta

Labari ya zaga kasuwar Ibohamane cewa Mariyatu matar Iliya ta taɓu, wai duwatsu take shukawa, kuma bana da suka nuna ta fara girbinsu da amalanke. Wani mai shayi ma ya rantse ya ga ta jefa ɗaya a tukunya tana hura masa wuta. To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Mariyatu lafiyarta ƙalau, in ban da zafin rai da ta gada wajen kakarta, wanda duk malaman Adar ba su da rubutunsa. Duwatsun kam tana kwasarsu, amma nata ne, kuma ga yadda aka yi.

Iliya mutumin kirki ne, sai dai ci-raninsa na Abijan ya haɗiye damina da yawa. Ya bar mata yara da rabonsa na gonar gado, gonar da aka yi ta yankawa tsakanin 'yan'uwa har ta kai in akuya ta kwanta a ciki sai wutsiyarta ta faɗa ta maƙwabci. Kowace shekara rumbu yakan ƙare tun kafin hadari ya fara haɗuwa, yara su koma cin tafasa tsura.

Da abin ya ishe ta sai ta tafi wajen Yunusa, wani dattijo mai filaye a kan tudu, ta roƙi aron wani fako nasa. Wurin kuwa ƙasa ce ja, mai tauri kamar bayan kasko, ko ƙadangare sai da guzuri yake ratsa ta. Yunusa ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce ta ɗauka. Bai tuna mata sharaɗi ba, don kowa ya san shi: mai aron gona hatsi yake shukawa, ba ya dasa itace. Itace a gona shaidar mallaka ce.

Aikin dutse a wajen uwarta ta koya, wadda ta yi dakonsa a ka zamanin furoje, wato babban aikin gyaran ƙasa da aka taɓa yi a yankin. Mariyatu ta riƙa ɗauko duwatsu daga gindin tsauni, tana jera su layi-layi a gicciyen gangara don su tare ruwa kada ya gudu da ƙasa. Tsakanin layukan ta haƙa tassa, wato 'yan ramuka da ake zuba wa taki a shuka a ciki. A tsakiyar rani ta yi wannan haƙa, lokacin da hauya ke tashin wuta in ta daki ƙasa. Takin kuwa na awakinta ne, a kwando take kai shi.

Daminar farko ta samu abin da bai fi a yi wa baƙo fura ba. Daga baya gero ya miƙe, zangarniya kamar taɓarya, har rumbun Mariyatu ya riƙa kaiwa wata kaka da saura a gindinsa.

Awakin ne suka ja mata. Suna cin 'ya'yan gawo, ƙwayar ta bi taki ta faɗa cikin tassa, ta samu laima ta tsiro. Mariyatu ta gan su sarai, kuma ta san abin da al'ada ta ce. Amma ta san irin geron da ake yi a gindin gawo, sai hannunta ya kasa cire su. Ta ce a ranta ai ba ita ta dasa ba.

Yunusa, wanda ya manta hanyar tudun nan tun ranar da ya ba da shi, sai ga shi ya tuna ta. Ya zaga, ya shafa zangarniya, ya tsaya kan 'yan itatuwan da suka kai masa gwiwa, ya tambayi wanda ya dasa. Ta ce ya tambayi awaki. Bai tambaye su ba, ya kai ƙara wajen mai gari cewa ana shirin cinye masa gona da rana tsaka.

A gaban mai gari Mariyatu ta danne zuciyarta ta ba da haƙuri, ta ce yau ɗin nan za ta tumɓuke su duka. Sai Yunusa ya yi saurin cewa a'a, a bar su, ai gawo yana gyara gona. Nan ta gane ba itacen ne ya dame shi ba, geron ne ya kira shi. Mai gari ma ya gane, amma aro aro ne: in ta kwashe amfanin bana, ta mayar da wuri.

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa tai ce, na ji. Duwatsun hwa, shi ya ɗauko su?"

Mai gari ya dubi Yunusa, Yunusa ya dubi ƙasa. Aka ce dutse na wanda ya yi dakonsa ne.

Shi ke nan girbin da kuka ji. Wani ƙanen uwarta ya ba ta wani fakon can gaba, wanda ya fi na farko rashin kunya, kuma tana jigilar duwatsunta zuwa can. Tassa ba ta ɗaukuwa, takin shekaru ba ya ɗaukuwa, gawo ma yana nan yana yi wa Yunusa girma. Rumbunta kuwa Allah kaɗai ya san inda zai kai baɗi.

A kan hanyar ne taubashinta Mahfuzu, wanda ya bar lakwal, wato makarantar boko, tun kafin lakwal ta gaji da shi, ya tarar da ita tana lodi, gumi har cikin ido. Ya gyara tsayuwa a inuwa ya tambaye ta ko bana dutse ya yi albarka, kuma da wace miya ake cinsa.

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Da miyar da kake zuwa lasa gidana kullum azahar. Tuwon da ya yi maka wanga ciki, daga dutsen ga ya hito. Ɗauki ɗaya ka sa a amalanke, ko ka kauce kar in ɗauka kai ma dutse ne in jera ka, ko ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka."