Yayar da Ba Ta Taɓa Mana Kwamfuta

Da hantsin Laraba, sha ɗaya ga Maris, ina ɗakin kwamfuta na makarantarmu, maigidanki ya bugo ya ce Allah Ya karɓi abinsa. Nasa muke, gare Shi za mu koma. Yaya, abokiyar aikina, mun san kina jinya, amma duk mun sa rai za ki dawo bakin aiki kafin jarrabawa.

Ke kika haɗa mana tsarin jarrabawar. Kin girka wata kwamfuta marar jiki a cikin babbar kwamfutar makaranta, tana zaune kamar ɗan haya a gidan mutane. Tambayoyi suna wajen ɗan haya, makin ɗalibai yana wajen mai gida. Duk ranar da ɗan haya ya nemi mai gida da suna bai same shi ba, sai komai ya tsaya cak.

Halinki ɗaya ya sha ba ni haushi: ba kya taɓa mana kwamfuta. Sai ki ja kujera, ki harɗe hannu, ki ce a gwada kiran babbar kwamfutar da lambar adireshinta tukuna, sannan da sunanta. In lamba ta je suna bai je ba, hanya lafiya lau take, sai a binciki na'urar da ake tambaya sunaye. Wata rana na gaji, na ce don Allah ki gyara mu huta. Kika yi dariya kika ce, "Ƙanwata, in na gyara, hannuna ne ya koya. Naki fa?" Ke ɗin nan kuwa, da ɗana ya kwanta asibiti, aikina kika haɗa da naki ba tare da na roƙa ba.

Ranar Litinin bayan rasuwarki ɗaliban ajin ƙarshe suka zauna jarrabawa. Yawancinsu matan aure ne da ma'aikata da suka samu izinin yini da ƙyar, in ta wuce su sai baɗi. Tsarin ya ƙi buɗewa. Shugaban makaranta yana tsaye a kaina, har ya fara zancen ɗagawa. Na gwada lamba, ta amsa. Na gwada suna, shiru. Ashe an sauya akwatin intanet, wato na'urar da ake tambaya sunaye, ɗan haya kuwa yana ta tambayar tsohon da aka cire. Na nuna masa sabon, tambayoyi suka fito.

Da ɗalibar ƙarshe ta gama rubutu, sai na ɗauki waya zan ba ki labari. A nan ne na yi kukan da ban iya yi ba ranar jana'iza.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da mahaifiyarki, Allah Ya ba su haƙuri. Ku kuma 'ya'yan da ta bari, 'ya'yana ne ku, Allah Ya raya ku. Ku sani ranar Litinin ba ɗalibar da ta koma gida ba ta rubuta jarrabawa ba, kuma aikin mahaifiyarku ne.